Wai sola asara ce ga masu shagon fotokwafi?

Mai shago, Samaru: Jama'a a faɗi gaskiya, sola asara ce ga masu fotokwafi. Injiniya zai haɗa maka batir biyu da farantin sola biyu, shekara ba ta zagayo ba batir ya mutu, ka koma kan janareta.

Mai haɗa sola, unguwar PZ a Zariya: Alhaji, lissafi ne ba a yi. Batir mai 12V 200Ah na ɗaukar wat 2,400 na awa ɗaya, biyu 4,800, kuma batirin ruwa ba a zuƙe fiye da rabinsa. Injin fotokwafi in yana ɗumama yakan ja sama da wat 1,000, ga firinta, ga fanka, ga masu cajin waya. Faranti biyu masu wat 300 ba za su cika batirin ba, balle da hunturu ƙura ta rufe su ba mai gogewa. Batirin da kullum ke kwana bai cika ba shi ke saurin mutuwa. A duba ruwansa duk wata, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba na rijiya ba.

Tsohon ɗalibin ABU: Tsaya tukuna, wane injiniya? Wanda COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, ba ta yi wa rajista ba, mai haɗa waya ne kawai.

Ɗan Nuhu Bamalli (kwalejin fasaha ta Zariya): To fa, an fara. COREN ɗin ma ai tana yi wa masu difloma da masu aikin hannu rajista. Malam, hau kwano ka ɗaura faranti mu gani.

Tsohon ɗalibin ABU: Hawa kwano ba shi ne auna kaurin waya ba. Siririyar waya tsakanin batir da inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, zafi take yi, wuta na zirarewa.

Hajiya mai kemis: Ni dai firij ɗin magani nake tambaya, ba wanda ya kula ni.

Ɗan Nuhu Bamalli: Hajiya yi haƙuri, sai masu digiri sun gama.

Shugaban zaure: An rufe. Abin da aka cimma shi ne batirin ruwa ne matsalar, a koma batirin lithium da ake iya zuƙe kashi 80 cikin 100 nasa, kuma ba a ƙara masa ruwa. Mai buƙata ya same ni a shago, Sabon Gari.

Mai haɗa sola, PZ: Ranka ya daɗe, wa ya ce haka a nan?