Wai motar fetur ma za ta bi sahun doki?

Direban Wudil:
Jama'a, salamu alaikum. Jiya ƙanena ya ishe ni da cewa motar fetur ta zama doki tunda ta lantarki ta fito, wai nan gaba sai dai a fito da ita ranar hawan salla. Ni Golf nake ja, Kano zuwa Wudil kullum, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, rabin cinikina a gidan mai nake barinsa. Kakanmu da jakuna ya yi fatauci, ya ce da loruna suka shigo ko shekara goma ba a yi ba ya sayar da su. To in fara adashen motar lantarki ne, ko in gyara injina?

Bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Kwatancen ƙaninka bai zauna ba. Doki a hau shi ko kar a hau, sai ya ci harawa da dusa, ga ciwo, ga gajiya. Mota ta zo ta mayar da tafiyar kwanaki ta yini guda. Ita ta lantarki fa? Wudil ɗin nan ba za ta matso kusa ba. Mu ne dai za mu ji a jika: babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa.

Malamar Tarihi:
Yaya, ai motar lantarki ba sabuwa ba ce. A Amurka wajen 1900 motocin lantarki suna yawo tare da keken doki. Sai Ford ya fito da motar fetur Model T a 1908 da araha, a 1912 kuma Cadillac ta kawo sitata, aka huta da murɗa inji da hannu. Ƙauyukansu a lokacin babu wuta, fetur kuwa ko a gwangwani ka ɗauke shi. Shi ya sa ta lantarki ta sha ƙasa.

Ɗan Barno:
Mu a Maiduguri muna shiga bas mai caji, shiru kamar ba ta tafiya. Habasha ma ta hana shigo da motar fetur a 2024, amma su suna da katafaren dam mai ba su wuta a kogin Nilu.

Direban Wudil:
Malama, kin taɓa inda yake min ƙaiƙayi. Yau kwana uku unguwarmu ba wuta, wayar nan ma a shagon caji na biya. In sayi mota in riƙa yi mata caji da janareta mai shan fetur? Oga Bakanike, nawa ake canza ringin inji yanzu?