Fengwin ɗin Jamus: tashi yake ko iyo yake cikin iska?

Sani Mai Caji: Salamu alaikum 'yan fada, don Allah ku buɗe bidiyon da na turo yanzu ko da megas ɗinku sun kusa ƙarewa. Jamusawa ne sunka ƙera robot mai siffar tsuntsun nan fengwin, wasu na ninƙaya cikin ruwa wasu kuma na yawo sama cikin wani ƙaton zaure suna kaɗa fiffike ba igiya ba komi. Ni dai na ce an kai lokacin da na'ura ta wuce tsuntsun da anka kwaikwaya, tunda ga shi tana ninƙaya kuma tana tashi.

Alhaji Idi: Wa alaikumus salam. Sani kai dai ba ka gajiya. Wanga haɗi ne na kwamfuta irin wanda yara ke yi yanzu, ran nan ba kai ka turo muna akuya na tuƙa kabu-kabu ba?

Sani Mai Caji: Alhaji waccan wasa ce, wagga gaskiya ce wallahi. In ƙarya ce tsiren jaka biyu na kaina daren Juma'a

Alhaji Idi: Na riƙe ka. In kuma gaskiya ce ni za ni biya, 'yan fada ku shaida.

Malam Habu: Kahin a kai ga tsire, Sani ka gyara harshenka. Na'ura ta wuce halitta? Wanda bai iya yin fiffiken ƙuda guda? A'a.

Mushe Laminu: Alhaji ranka shi daɗe, ka yi haƙuri amma bidiyon ba haɗi ba ne. Kamfanin Festo ne na ƙasar Jamus, masu ƙera kayan injinan masana'antu da ke aiki da matsin iska, kuma tun 2009 sunka nuna abin a baje kolin masana'antu na garin Hanoba. Na ruwa sunansa AquaPenguin, na sama AirPenguin. A 2009 ina wayar da za ta haɗa ma bidiyo irin wannan, lokacin mu nan Maraɗi Nokia mai tocila muke ji da ita. Tsohon abu ne yake sake zagayowa, Sani ne dai ya makara.

Sani Mai Caji: Alhaji a fara wanke hannu 😂

Hadiza: Tsaya yaya Sani kar ka yi saurin wanke hannu. Bidiyon gaskiya ne amma maganarka ba gaskiya ba ce. Na farko dai ba robot ɗaya ne ke yin abu biyun ba, na ruwa daban na sama daban, in ka jefa na saman cikin ruwa sai dai ya yi ta yawo bisa kamar buhun leda. Na biyu, fengwin na gaske ba ya tashi sam, duk nau'insu kusan 18 babu ko ɗaya mai tashi, kamar jimina suke ta wannan fannin. To ta yaya za a ce robot na tashi kamar fengwin?

Sani Mai Caji: To ai shi ne na ce ya wuce shi ƙanwata! Na gaske bai tashi, na Jamus na tashi

Hadiza: Ba tashi yake ba, balan-balan ne. Iskar heliyom aka cika shi da ita, wadda ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, irin ta balan-balan ɗin biki da ke tafiya sama in yaro ya saki. Jikinsa ya fi mita 3 tsawo amma nauyinsa duka bai wuce wajen kilo 1 ba, kuma iskar heliyom da za ta cika kwali mai mita ɗaya ta kowane gefe abin da take ɗagawa ke nan, wajen kilo 1. Ko ka kashe batir ɗin yana nan rataye a sama. Fiffiken tura shi gaba kawai suke yi. Shirwa kuwa ko tattabara in ta bar aiki da fiffike ƙasa za ta yo.

Alhaji Idi: Allah shi yi miki albarka ɗiyata. Kun ji ko? Balan-balan. Sani na ce ma

Mushe Laminu: Alhaji kai ma ba haka ka ce ba, cewa ka yi haɗin kwamfuta ne.

Alhaji Idi: Mushe kai da wa kake ne wai

Mushe Laminu: Da lissahi nike. Amma Hadiza ke ma kin rage ma abin daraja da kinka ce balan-balan kawai. Abin da sunka so nunawa shi ne ruwa da iska dangi ne, duk biyun abu ne mai gudana, bambancin dai ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800. Fengwin cikin ruwa ba ya shure-shure da ƙafa irin na agwagwa, fiffike yake kaɗawa daidai yadda tsuntsu ke yi a sama, har ma ya fi, don shi in ya ɗaga fiffiken yana samun turi in ya sauke ma yana samu. Wato tashi yake amma cikin ruwa. Su kuma injiniyoyin sai sunka juya abin, sunka ce to mu cire nauyi da heliyom mu ga ko motsin nan na ninƙaya zai yi aiki cikin iska, kuma ya yi. Don haka in kana son magana madaidaiciya, na gaske na tashi cikin ruwa, na Jamus na iyo cikin iska.

Rabi: Kai Mushe ka juya mana kai da safen nan

Ɗan Madarunfa: Ni abin da ban gane ba, tsuntsu ne ko kihi? Don mu bakin tabki mun san tsuntsayen da ke nutso su ɗauko kihi su hito su tashi abinsu. Shi mi ya hana shi?

Hadiza: Tsuntsu ne kawu, ƙwai yake yi yana da gashi. Amma ƙashinsa cike yake da nauyi, ba mai rami ba irin na tsuntsaye masu tashi, kuma fiffikensa gajere ne mai tauri kamar filafilin kwalekwale. Abin da ya sa ya ƙware a ruwa shi ne ya hana shi sama. Babban cikinsu, wanda ke Antatika, yana nutso fiye da mita 500 kuma yana iya riƙe numfashi sama da minti 20. Wani nau'in kuma ana ce masa jentu yana gudun da ya kai kilomita 36 a awa cikin ruwa. Robot ɗin Festo ko kusa bai kai nan ba, cikin tanki yake zagaye a hankali.

Malam Habu: Subhanallah. To Sani ka ji wanda ka ce an wuce. Minti 20 ba numfashi, ba batir ba caji.

Sani Mai Caji: Malam na janye kalmar wuce, Allah shi yahe. Amma ban janye tsire ba

Alhaji Idi: Ni yanzu bar batun gaskiya ko ƙarya. Mi ne amfaninshi? Mutane sun ƙoshi sun rasa abin yi da kuɗi sai wasan yara. Mu nan tsuntsaye jan baki na cinye muna gero, su ƙera muna wanda za ya kore su mana in sun isa. Kuma abin ga in ka hiddo shi waje lokacin hunturu iska ɗaya za ta kai shi Jibiya ba fasfo.

Mushe Laminu: Nan kam ka yi gaskiya Alhaji, shi ya sa cikin zaure kaɗai ake nuna shi. Kuma su kansu ba su sa shi kasuwa ba, ba sayar da fengwin suke ba. Gwaji ne da talla, a nuna ƙwarewa a ja hankalin masu masana'antu da ɗalibai. Amma daga cikin wasan ake tsintar abin sayarwa. Misali wuyan robot ɗin da wutsiyarsa da ke lanƙwasa ko'ina, daga wutsiyar kihi anka ɗauko dabarar. Wutsiyar kihi in ka danna ta da yatsa daga gefe ba ta gudun yatsan, lanƙwasowa take ta rungume shi. Da wannan dabara sunka yi yatsun inji masu laushi da ke ɗaukar ƙwai ko tumatir ko ƙwan fitila ba su fasa ba, don yatsan da kansa ke bin siffar abin da ya kama. Wannan kam ana sayar da shi ana aiki da shi.

Ɗan Madarunfa: Mushe shekara talatin ina taɓa kihi ban taɓa lura da wanga ba. Akwai karfasa nan cikin roba yanzu anka kawo, bari in gwada, in ƙarya ce kai ma ka shiga layin masu biyan tsire

Rabi: Ni kam ina bayan Alhaji ta wani gefen. Kullum sai a ce Jamus sun yi Japan sun yi, mu aikinmu kallo da tura bidiyo. Megas ɗin da na ƙona kan fengwin ɗin nan da na sayi ƙosai.

Hadiza: Anti Rabi ai abin haushin ma shi ne abubuwan da suke kwaikwaya da yawa a ƙofar gidanmu suke. Kin san maɗaurin nan na takalmin yara da jaka, mai ƙara in an ɓanɓare, Velcro? Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, a 1941 ya dawo daga yawo ya ga ƙayar wata ciyawa ta manne a wandonsa da gashin karensa, ya duba ta da madubin ƙara girma ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne, daga nan ya ƙera. To wa ya kai mu shan wahalar ƙarangiya? Tun kakanni muke cire ta daga zani muna tsaki.

Alhaji Idi: Wallahi ƙarangiya kam da ta zama kuɗi da ba mai bin mu bashi

Mushe Laminu: Ga kuma suri. Akwai wani babban gini a Harare ta Zimbabuwe, Eastgate, an buɗe shi 1996, wanda ya zana shi Mick Pearce ya ce daga yadda iska ke zagayawa cikin surin gara ya ɗauki dabarar sanyaya shi. Mu da ke kwana waje watan Afrilu saboda ɗakin kwano ya zama tanda, ga suri nan kan hanyar Tibiri ba mai kallonshi sai mai neman ƙasar yaɓe.

Malam Habu: Kuma kar ku ɗauka Turawa sunka fara kallon tsuntsu. Abbas ibn Firnas a Ƙurɗuba ta Andalus, tun ƙarni na 9, ya ɗaura fiffike ya yi gwajin tashi. Kallon halitta a ɗauki darasi ba laihi ba ne, an ma umurce mu da dubawa. Inda na tsaya da Sani shi ne faɗin an wuce. Batun yi ma na'ura kai da ido da baki kamar mai rai kuwa, wannan wata mas'ala ce da malamai ke da magana kanta, ba ta fada ba ce, ku same ni bayan la'asar.

Sani Mai Caji: To tsaya, tambaya ta gaskiya. Yanzu ba robot ɗin da ke tashi da fiffike zalla ba heliyom? Don in babu to na yarda duk abin yaudara ne

Mushe Laminu: Akwai, kuma su ɗin ne dai. A 2011 sunka hiddo SmartBird, sun kwaikwayi wani tsuntsun bakin teku, faɗin fiffikensa kusan mita 2 nauyinsa giram 450, ko rabin kilo bai kai ba. Shi kam da kaɗa fiffike yake tashi ya sauka, fiffiken na sama da ƙasa kuma yana murɗawa lokaci guda. Da shi ka turo da ba mai ja da kai kan kalmar tashi.

Sani Mai Caji: Kash. Ashe bidiyon ne na ɓata zaɓe

Alhaji Idi: Wanga na biyun shi ne nike so. In an yi mai kamar shaho a sa shi bisa gona ko Allah na sa jan baki su ji tsoro. Nawa ne?

Rabi: Alhaji da ya ce wasan yara yanzu har ya fara taya 😂

Alhaji Idi: Ɗan kasuwa bai ƙin tambaya. Kuma ban ce na saye ba.

Hadiza: Baba Alhaji ko an kawo ma, batir ɗin irin waɗannan ba ya daɗewa, jan baki kuwa tun asuba suke sauka har magariba. Yaro da gwangwani da majajjawa har yanzu ya fi shi juriya.

Sani Mai Caji: To a yanke hukunci don Allah, wa ke biya? Ni na ce bidiyo gaskiya ne kuma ya tabbata

Alhaji Idi: Kai ka ce yana tashi, an ce iyo yake. Ka ce ya wuce tsuntsu, ka janye da bakinka. Biyu ka faɗi ni ɗaya.

Mushe Laminu: Sharaɗin kan gaskiyar bidiyo anka ƙulla shi Alhaji, yana nan sama kowa na iya komawa ya karanta.

Alhaji Idi: Ni wayata ta goge na sama

Ɗan Madarunfa: Jama'a na gwada. Wallahi Mushe bai yi ƙarya ba, na danna wutsiyar karfasa da yatsa sai ga bakinta ya lanƙwaso wajena. Na gwada ta biyu haka. Matata na kallona tana tambaya ko lahiya nike latsa ma kihi wutsiya

Rabi: Ka ce mata bincike kake

Ɗan Madarunfa: Na ce mata. Ta ce in na gama binciken in fere su don mai ya yi zahi

Malam Habu: Tunda kowa ya faɗi wani wuri, jaka ɗaya Alhaji jaka ɗaya Sani, Ɗan Madarunfa ya taho da karfasar da anka yi gwaji da ita.

Alhaji Idi: Na yarda da jaka ɗaya amma a rubuta cewa sadaka ce ba faɗuwa ba.

Sani Mai Caji: An rubuta Alhaji, kuma na ɗauki hoton allo kahin wayarka ta sake gogewa