Zuma a kan ƙuna: yaya ake sa ta?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Masana, don Allah idan ruwan zafi ya ƙona mutum, zuma ake shafawa nan take? Wasu na cewa garin bagaruwa ko ɗanyen ƙwai ya fi.

Mai Amya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba da zuma ake farawa ba. A tara wurin a ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20, banda ƙanƙara, don tana ƙara kashe fata. A cire zobe ko munduwa kafin wurin ya kumbura. Sannan a zuba zumar a kan bandeji mai tsabta, kamar babban cokali ɗaya da rabi ga faɗin tafin hannu, a ɗora, a naɗe sako-sako. A canza kullum, ko sau biyu idan yana tsatsar ruwa sosai. Idan bandejin ya manne, zumar ce ta yi kaɗan. A jiƙa shi kafin a ɗaga.

Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, shi ke zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wani sinadari daga ƙudan zuma mai kashe su, amma wuta na lalata shi. Shi ya sa wadda aka tace da wuta ba ta kai ɗanya ba, balle wadda aka yi wa algus.

Ɗan Magori: Malam ya gama magana kan zuma. Bagaruwa kuwa busar da saman ciwo take yi saboda baurinta, ya yi ɓawo, alhali ƙasansa na iya ruruwa. Likitoci ma sun yi amfani da irin sinadarin da ke sa wannan baurin a kan ƙuna daga 1925, suka bari a shekarun 1940 da suka ga yana taɓa hanta. Alobera ta fi dacewa da ƙunar da ba ta ɗuri ruwa ba: a yanke ganyen, a tsayar da shi minti 15 ruwan ɗorawar ya tsiyaye, don shi ke sa ƙaiƙayi, sai a shafa farin yauƙin ciki.

Anti Nas: Ɗanyen ƙwai, toka, kashin shanu, duk a kiyaye, 'yar'uwa. Kashin shanu na jawo ciwon sarƙewar haƙora. Kada a fasa bororon. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita, ko ta fuska, gaɓa ko al'aura, ko wadda ta yi fari ba ta zafi, asibiti kai tsaye. Jariri kuma ko ƙunar ƙarama ce a kai shi, sannan ba a lasa masa zuma sai ya cika shekara ɗaya.