Ina zan sauke kiɗan finafinan ban tsoro kafin 31 ga Oktoba?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. A wani shago nake aiki a Bronx, New York. Maigidana ya ce in haɗa kiɗan ban tsoro na awa biyu da za mu riƙa kunnawa makon Halloween, bikin shigar ban tsoro na 31 ga Oktoba. Kyauta ake saukewa ko sai an biya? Ina gudun in jawo masa tara.

Maman Khalifa: Ka duba YouTube Audio Library, kyauta ne, nan 'yata take ɗauko na bidiyonta.

Baban Yasmin: Hajiya, shago fa ya ce, ba bidiyo ba. A Amurka kunna wa kwastomomi kiɗa sai da lasisi irin na ASCAP ko BMI, ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa. Ko Spotify ɗin da kake biya, na kunnenka ne kai kaɗai.

Kawu Zango: Ni dai kar ka taɓa shafukan nan masu cewa gwaji kyauta. Bara na sa katina a wani saboda waƙa ɗaya tak. Wata bakwai suna zare min dala 15 ban sani ba, sai da matata ta ga takardar banki ta ɗauka wata nake turawa kuɗi a gida. Kwana uku ba ta yi min magana ba. Na kira su, na'ura ce take amsawa. Kiɗan ma ba a saurara ba, lasifikar ta mutu ranar.

Maman Khalifa: Dala 15? Ni 5 nake biya.

Baban Yasmin: Na kasuwanci ya fi haka tsada. Wanda bai taɓa riƙe shago ba ya yi haƙuri.

Kawu Zango: To kai shagon wa ka riƙe, Malam?

Ɗan Fagge: Ka naɗo kukan mujiya da janaretan maƙwabcinmu ƙarfe biyun dare, Bature zai bar takalmi a shagon.

Malama Hauwa: Wasa a gefe, ya dace musulmi ya haɗa wannan kiɗan ma?

Ɗan Damagaram: Aiki aka sa ni, Malama, ba biki nake ba.

Maman Khalifa: Ku a New York ma kun ji daɗi, tun 2015 makarantun gwamnati suke hutun Sallah. Mu nan sai na rubuta wa makaranta takarda kafin yara su je Idi, amma kayan kwarangwal tun Satumba sun cika kantuna, nawa na ta kuka sai na saya masa.

Kawu Zango: Nawa kika saya? Ni dala 30 aka ce min.