Abin da aka tsayar kan faifan da ke daskarewa

Wata muhawara ce ta taso tsakanin masu gyara kan kwamfutar da ke tsayawa cak na 'yan daƙiƙoƙi, fitilar faifan ajiyar bayanai a kunne, sannan ta ci gaba. Yawancin masu gyara sun ce kada a yi saurin zargin faifan. A fara duba mai kula da SATA (hanyar haɗa faifai da kwamfuta) da ke cikin cifset, wato na'urar da ke daidaita sassan babban allon kwamfuta (motherboard).

A tsarin AHCI na sarrafa faifan SATA, wanda Intel ta fitar a 2004, layin da ke tsakanin faifai da babban allon yakan yi gyangyaɗi don tsimin wuta. Daga matakin Partial (gyangyaɗi mara nauyi) ya kamata ya farka cikin mikrosakan 10, daga Slumber (barci mai nauyi) kuwa milisakan 10. Wasu SSD (faifan ajiya marasa juyawa) ba sa farkawa da kyau, nan matsalar take. Shawara: a kwamfutar tebur a kashe tsimin gaba ɗaya, ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. A laftof a bar shi, sai in daskarewar ta yi yawa, domin batir na amfana.

An kuma ja kunne: sauya tsohon tsarin IDE zuwa AHCI a BIOS (saitin farko na kwamfuta) bayan an girka Windows yakan jawo shuɗin allo na kuskure, sai dai a fara tayar da kwamfutar a Safe Mode, yanayin gyara na Windows. Inda ake yawan ɗauke wuta kuma, a nemi UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, don abin da faifai bai gama rubutawa ba salwanta yake.