"Kalca": shuka ce, kiwo ne, ko ƙyanƙyasa?

Jama'a, ku agaza min da kalma ɗaya. Ƙanwata da ke karatun likitan dabbobi a Samaru za ta yi wa mahauta bayanin aikinta, sai muka maƙale a kan kalmar Turancin nan "kalca". Ƙamus ya ce min "al'ada". To, ina ruwan al'ada da naman shanu?

Ga yadda abin yake. Takan sayo nama a Sabon Gari ko Tudun Wada kamar kowa, ta yanki giram 25, ta jiƙa a wani ruwa da ƙwayoyin cuta ke so, sannan ta shafa a ɗan faranti mai kama da daskararren koko. Sai a sa farantin a akwati mai ɗumi 37 a ma'aunin Salshiyas, ɗumin jikin mutum ke nan, ya kwana. Gari na wayewa, abin da ido bai gani jiya ya fito ɗigo-ɗigo. Idan E. coli O157:H7 ake nema, wata ƙwayar cuta da aka fara gane illarta a Amurka a 1982 ta dalilin niƙaƙƙen naman shanu, ɗigonta fari-fari yake fitowa a farantin da aka tanada mata, na 'yan'uwanta kuma ja-ja. A hanjin saniya take zaune, takan hau nama ne in kayan ciki sun fashe wajen fiɗa, ko wuƙa ɗaya ta yi aiki biyu.

Wani malami ya ce "shuka", tunda iri ka sa kana jiran tsiro. Ba laifi. Yayana ya kawo "kiwo", amma mahauci na jin kiwo, saniya zai hango. "Reno" kuwa na ƙi shi, abin da kake ƙauna kake reno.

Wani dattijo a kwata ne ya raba gardamar. Da ƙanwar tawa ta gama bayani ya ce, "'Yata, ai wannan ƙyanƙyasa ce. Kin ba su ɗumi, kin tashi kin tarar da 'ya'ya."

Ita dai ta yi ƙorafi, wai ba su da ƙwai, rabewa biyu suke yi, wani lokaci duk minti 20. Gaskiyarta. Amma duk wanda ke wurin ya gane nan take, shi ya sa na tsaya a kan "ƙyanƙyasar ƙwayoyin cuta". Don Allah kada a taƙaita ta koma "ƙwaya" kawai, sai a zaci ta 'yan shaye-shaye ake nufi.

Ma'aikatan ɗakin gwaji, ku da me kuke faɗa wa majinyata?