Wanda ya taɓa tayar da tsohuwar motar Japan da ta daɗe a ajiye, ya zo ya ba mu labari

Mai Zed, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawuna, Allah ya jiƙansa da rahama, ya bar Datsun 280ZX a ƙarƙashin rumfa a gidansa, ta haura shekara 10 ba a murza mata makulli ba. Da aka zo rabon gado wasu suka ce a kira 'yan gwangwan su auna ta, ni kuma na ce a yi mata kuɗi in biya. Yanzu tana hannuna. Injin L28 ne mai silinda 6 a jere, giyar hannu mai 5, sitiyari a hagu. Bodinta lafiya lau in ban da tsatsa a mazaunin batir, sai dashbod da rana ta tsattsaga, da robobin ƙofa da suka bushe suna karyewa. Bakaniken unguwarmu ya ce in kawo batir da galan ɗin fetur, nan take zai tayar da ita. Hankalina bai kwanta da wannan ba. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan aiki, ko Datsun ce ko Toyota ko Mazda, ya taimaka ya faɗa mana abin da ya tarar da yadda ta ƙare.

Tsohon Bakanike, Kaduna:
Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka. Kada ka bari kowa ya jona mata batir tukuna, ko da ya rantse maka.

Na yi aikin wata 260Z da aka janyo mini daga wani gida, ita ma ta daɗe a kwance. Abin da na fara yi shi ne na kwance fulogi duka 6, na ɗura baƙin mai kaɗan a kowace silinda, na bar ta 'yan kwanaki ya jiƙa. Sannan na sa sifana a notin fulin gaba na juya injin da hannu. In ya juya sumul, ka gode wa Allah. In ya cije, ka tsaya, ka ƙara mai ka ƙara haƙuri, domin ringin fistin ne suka kama da tsatsa, kuma in kik ya fizge su da ƙarfi za su karye su kankare bangon silinda. Daga nan sai a juye tsohon baƙin mai a duba launinsa da kyau. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, to maganar ta koma ta gasket.

Tanki kuwa sauke shi za a yi gaba ɗaya. Fetur in ya shekara da shekaru a tanki yakan zama danƙo mai wari, ga tsatsa a ƙasa. In aka zuba sabon mai a kai, duk wannan dattin ne zai bi layi. Taka ma ta fi wadda na yi laulayi a nan, saboda 260Z kafireta biyu gare ta ƙirar Hitachi, ana wankewa a mayar, ita kuwa 280ZX injekta ce. Kowace injekta tana da ɗan guntun tiyo na roba a kanta, kuma ina tabbatar maka sun bushe. Mai yana bi ta cikinsu da matsi, ga salansa a ƙasa da su. Nan ne wuta take tashi a irin waɗannan motoci. A canza su duka kafin komai, kuma ranar tayarwa a ajiye abin kashe gobara a kusa.

Abu ɗaya da zai sanyaya maka rai: injin L ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Danginsa ne a cikin Datsun Laurel da 280C da tsohuwar Patrol. Sarƙa yake amfani da ita wajen taimin, kuma yana da juriya ƙwarai. In ka zaga Panteka a nan ko Ƙofar Ruwa a wajenku, ka nemi dattawan kasuwa, su ne za su gane abin da kake nema.

Riwaya, Zariya:
Baba ya gama magana a kan inji, ni kuma ga nawa ɓangaren. Kusan duk motar da aka kawo mini bayan dogon zama, ɓera ya riga ni shiga. A wata 300ZX ta shekarun 1990 na tarar da sheƙa a bayan dashbod, wayoyi a gutsuttsure. Ita wannan motar ma ko ba ɓera, injinta ya cika bonet maƙil, zafi ya gasa soket-soket ɗin har suna farfashewa in ka taɓa. Ka sa a bi waya ɗaya bayan ɗaya, a goge duk inda aka ɗaure ta a jikin bodi. Kuma kada ka yarda a cire fiyus a saƙala waya a madadinsa. Akwai kuma akwatin da ke auna iska kafin ta shiga inji, in mota ta ƙi daidaita wasu sukan ɓalle murfinsa su murza abin da ke ciki. Da zarar an yi haka, mayar da shi yadda yake sai an sha wuya.

Mai Supra, Damagaram:
Tawa Supra ce ta ƙarshen shekarun 1980, mai injin 7M. Ta tashi ba gardama, na yi ta murna, amma da na hau titi da rana sai allurar zafi ta fara hawa. Da muka buɗe muka ga wanda ya riƙe ta kafin ni ruwan rijiya zalla yake zuba wa lagireto, kuma an cire tamosta, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, an jefar, wai don ƙasarmu da zafi. Hanyoyin ruwa duk sun toshe da tsatsa, tof ɗin, wato kan injin da ke rufe silinda, kuma na alminiyom ne, ruwan ya cinye shi ta gefe. Dama shi 7M an san shi da ƙona gasket, masu irin motar da yawa suna ɗora laifin a kan yadda aka ɗaure notocin tof tun daga kamfani. Sai da aka fere tof, aka sa sabon gasket, aka ɗaure da sifana mai awo. Malam Mai Zed, tof ɗinka ma alminiyom ne. Ka sa a wanke lagireto, a canza duk tiyo da famfon ruwa, a mayar da tamosta, ka riƙa sayen ruwan lagireto na gaske. A zafin watan Afrilu wannan ba wajen tsimi ba ne.

Mai Rotari, Abuja:
Ku masu fistin kuna cikin sauƙi. Ni Mazda RX-7 na ɗauko, ƙarni na biyu, mai injin 13B. Ba ta da fistin, ba ta da bawul. Wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku suke juyawa a ciki, kowanne da fulogi 2. Gareji nawa na shiga, ana buɗe bonet sai a yi cirko-cirko, a ƙarshe a ce in kawo kuɗi a sa mini injin Corolla.

Matsalarta bayan dogon zama ita ce 'yan ƙarafan da ke bakin kowace kusurwa, waɗanda suke riƙe matsi. Baƙin hayaƙi yakan liƙe su, sai inji ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Mun ɗura mai ta ramin fulogi muna juyawa da hannu a hankali har suka saki. Bayan ta tashi na koyi halinta. Da gangan aka ƙera ta tana shan baƙin mai kaɗan-kaɗan, akwai ɗan famfo da ke ɗiga shi a ciki, don haka duba mai dole ne a kai a kai, wasu ma suna ƙara man 2T, irin baƙin man da ake haɗawa da fetur, a tanki. In ka tayar da ita da sanyi ka kashe nan da nan, mai zai cika ta ta ƙi tashi. In kuma ta yi zafi sosai ko sau ɗaya ne, robobin ruwa na ciki sun tafi, sai an wargaza inji. Duk da haka, wallahi in ta ɗauki wuta a kan hanyar filin jirgi, sautinta ba ya kama da na kowace mota, kuma ban taɓa jin na yi asarar kuɗina ba.

Ɗan Zango, Kumasi:
Ni fa ra'ayina daban, ku yi mini haƙuri. Mota don hawa aka yi ta. Na ga mutane sun ajiye mota a gareji shekara da shekaru suna jiran wani ƙarfe ɗaya daga waje, har sha'awar ta mutu aka sayar da ita a banza. Tawa tsohuwar Supra ce da injinta ya buga. A Suame Magazine, unguwar bakanikai a nan Kumasi, aka ɗora mini injin 2JZ na Lexus GS300, wanda kayansa suke ko'ina, ga ƙarfi ga lafiya. Duk Juma'a da ita nake zuwa masallaci. Yaya Mai Zed, in L28 ɗin ya ba ka wahala, kada ka ji kunyar canzawa.

Mazaunin Ingila:
Ɗan'uwa na Kumasi, hujjarka tana da ƙarfi ga injin da ya riga ya buga. Amma na Mai Zed ba a ma gwada shi ba tukuna. Kuma ko za a canza, a ajiye na asali a lulluɓe, kada a yanka bodi don sabon ya zauna, saboda abin da aka yanke ba ya dawowa.

Ina da 240Z a nan, kuma da na karanta cewa bodin tasa ba ruɓa sai da na yi ajiyar zuciya. A ƙasar nan gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi, shi ne yake cinye motocin nan daga ƙasa. Da muka ɗaga kafet a tawa, ana hango ƙasa ta wajen ƙafar direba. Ƙarafan da ke riƙe inji, ƙasan ƙofofi, bakin but, duk sai da mai walda ya yanke ya sa sabo, kuma kuɗin wannan aikin ya ninka na inji. Busasshiyar iskar Arewa ta yi maka rabin aiki. Ka dai sa a kankare mazaunin batir har a ga farin ƙarfe kafin fenti, domin ruwan batir ne ya ci wajen.

Motocin nan suna da tarihi a nahiyarmu. 240Z ta fito a ƙarshen 1969, kuma ita ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta, a kan hanyoyin ƙura da taɓo. 280ZX da ta biyo baya daga 1978 zuwa 1983 ta fi ta nauyi da taushi, amma jinin ɗaya ne.

Maman 'Yan Biyu, Jos:
Kowa yana ta maganar yadda za ta tashi, ba wanda ya yi maganar yadda za ta tsaya. Celica ce mahaifinmu ya bar mana, ni na karɓi ɗawainiyarta. Ranar da aka fara fito da ita daga gida birki ya nutse har ƙasa, Allah ya kiyaye a hankali ake tafiya kuma ba yara a layin. Man birki yana jan ruwa daga iska, ya sa tsatsa a ciki, robobin kuma su ruɓe. An canza mana su duka har da tiyo na kowace ƙafa. Tayoyin ma da ido kamar sababbi, zanensu bai goge ba, amma sun ƙeƙashe. Akwai lambobi guda 4 a gefen taya da ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ka duba kafin ka saya, ko sabuwa aka ce maka. Kujeru kuwa kada ka damu, masu ɗinkin kujerar mota na gida sun iya aiki, ka dai kai musu tsohuwar rigar su kwaikwaya.

Mai Zed, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, mun bi maganarka, injin ya juya da hannu, man kuma baƙi ne wuluk ba alamar ruwa. Tanki yana ƙasa yanzu. Abin da ya rage mini tunani shi ne robobin gilashi da ƙofa da fitilar baya guda da ta fashe. Akwai wanda ya san ko har yanzu ana samunsu daga Japan?

Ɗalibi a Nagoya:
Yaya, ana samu, amma a shirya aljihu. A nan riƙe tsohuwar mota tsada ne: akwai binciken lafiyar mota na dole duk shekara 2, haraji kuma yana ƙaruwa in mota ta wuce shekara 13. Shi ya sa da yawa aka fitar da su waje ko aka farfasa. Waɗanda suka rage farashinsu ya tashi, musamman da yake Amurka tana barin a shigar da mota in ta cika shekara 25, sai masu saye daga can suka yi wa irin su Skyline GT-R ca. Kamfanonin ma sun lura. Nissan ta fara sake ƙera wasu kayan Skyline R32 a 2017, Mazda tana karɓar Roadster ta farko ta gyara ta, Toyota kuma ta dawo da wasu kayan Supra da AE86. Amma wannan gatan na sanannun ƙira ne.

Ga taka, shawarata ka fi mayar da hankali kan Amurka, domin can aka fi sayar da Datsun ƙirar Z irin taka, kuma akwai masu ƙera robobi da murfin dashbod sababbi. Sitiyarinsu ma a hagu yake irin naka, na Japan kuwa a dama, don haka dashbod da wasu wayoyi na nan ba za su hau taka ba. Kafin ka yi odar komai ka duba ko taka mai kujera 2 ce ko mai ƙananan kujeru a baya, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, gilashin gefe da robobinsa sun bambanta. Fitilar baya ma ta canza tsakanin shekarun farko da na ƙarshe. Ka ɗauki hoton farantin lambar bodi da ke cikin bonet da hoton fitilar da ta rage ka turo, zan tambaya a shagunan tsofaffin kaya a nan in kwatanta maka farashi.